Rabon Ɗan Kallo a Wasan Dandali: Nazari daga Taminus ta Jos

Fim an gama shi tun kafin a kunna. Wasan dandali kuwa sai an taru yake samuwa, kuma ɗan kallo na da ikon sauya masa akala, shi ya sa na yau ba ya zama daidai da na jiya.

Bakin kasuwa irin ta Taminus ya fi zaure nuna wannan. Mai tallan magani ko ɗan kama ba shi da labule, ba ya yankar tikiti. Jama'a ke kewaye shi, da'irar nan ita ce dandalinsa. Idonsa na kan fuskoki: in dariya ta kama sai ya ja zancen, in ya ga an fara sulalewa ya yanke ya kama wani. Su ma masu kallon ba shiru suke ba. Suna amshi, suna tsoma baki, mai hali ya yi liƙi. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwanin wannan fage ne: shi kaɗai da kuntiginsa yakan zana karen mota har mai sauraro ya ga kamar ga shi nan tsaye.

Wasan zaure, irin na ɗaliban Jami'ar Jos ko na ƙungiyar Jos Repertory Theatre da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, ya gaji tsarin Turai: kujeru a jere, ɗan wasa a gaba. Amma wanda ya saba da da'ira yakan shigo da halinsa, ya gargaɗi jarumi, ya yi wa mugu tsaki. A ganina kuskure ne a kira wannan rashin natsuwa. Alama ce ta cewa wasan ya shige shi.

Akwai kuma sharaɗin da masu nazari kan tsallake, wato aminci. Rikicin Satumban 2001 ya raba unguwannin Jos bisa addini, gobara ta cinye babbar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, sannan tagwayen bama-bamai suka kashe fiye da mutum 100 a wurin ranar 20 ga Mayun 2014. Bayan haka cincirindo kansa ya zama abin tsoro. Masu ɗora wa Kannywood da wayar hannu laifin raguwar 'yan kallo sun faɗi rabin magana ne kawai, domin fim har ɗaka yake bin mutum, wasan dandali kuwa sai mutum ya yarda ya fito ya tsaya kusa da wanda bai sani ba.