Batirin Kalsiyam da Yadda Ake Bincikensa da Hasken Eksire

Batirin kalsiyam nau'in batir ne da har yanzu bai fita daga ɗakin gwaji ba, wanda masana ke fatan zai rage dogaro da litiyam. Batun ya shafi gari irin Daura, inda masu cajin waya, masu sayar da ruwan sanyi da ofisoshi da dama suka koma ga sola da inbata saboda ƙarancin wuta. Batirin darma yana da sauƙin kuɗi, amma zafin bazara na rage masa kwana. Na litiyam ya fi ƙarko, sai dai ba kowa ke iya sayensa ba.

Kalsiyam shi ne sinadari na biyar a yawa a ɓawon ƙasa, kuma shi ne ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Kowace ƙwayarsa tana ɗaukar caji biyu, ta litiyam kuwa ɗaya. Wannan falala ita ce kuma matsalarsa: ƙwayar ta fi girma, tana tafiya da ƙyar a cikin kayan batirin, sannan ruwan batir yakan haifar da wani ɓawo a kan ƙarfen ya toshe mata hanya. Sai a 2016 masana a Barcelona ta Sifaniya suka nuna ana iya cajinsa a sake caji, shi ma a zafin digiri 75 zuwa 100. A 2024 masu bincike a Jami'ar Fudan ta Sin suka ba da rahoton batirin kalsiyam da iskar oksijin wanda ya jure caji sau 700 a zafin ɗaki.

Hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, shi ne dai na hoton ƙashi a asibiti, amma a nan ba hoto ake nema ba. Kowane sinadari yana shanye hasken, yana kuma fitar da shi, a wani ma'auni nasa na kansa. Daga wannan ma'auni ake gane inda kalsiyam ya shiga, abin da ya haɗu da shi, da abin da ɓawon nan ya ƙunsa, wani lokaci ma batirin yana cikin aiki.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana amfani da eksire wajen tantance sinadaran duwatsu da ƙasa. Amma leƙa cikin batir yana aiki ya fi dacewa da babbar na'urar sinkirotiron, wadda babu ita a Afirka. Masu bincike sukan tafi Grenoble a Faransa, ko cibiyar SESAME ta Jodan da aka buɗe a 2017. Daura tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, waɗanda ɗalibansu za su gamu da batura a motocin lantarki da na'urorin sola. Ɗan kasuwa dai, in aka tallata masa "batirin kalsiyam" a yau, ya sani na darma ne da aka sa wa ɗan kalsiyam.