Bauta da 'Yanci a Ƙasar Daura: Yadda Koyarwar Kirista Ta Iso Yankin

Daura, wadda tarihin baka na Hausawa ya ɗauka a matsayin tushen Hausa Bakwai saboda labarin Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu, ƙasa ce da Musulunci ya kafu a cikinta tun ƙarnoni da dama, don haka addinin Kirista ya iso ta a makare, kuma ta gefe ya shigo. Duk da ƙarancin mabiyansa a masarautar, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, tarihin isowarsa ya cancanci nazari, domin jigon koyarwarsa, wato cewa sanin gaskiya yana fitar da mutum daga bauta zuwa 'yanci, ya faɗa ne a kunnen mutanen da suka san bauta da idanunsu, waɗanda aka kama iyayensu a gona aka kai kasuwa. Wanda yake son fahimtar yadda aka ji wannan koyarwa a yankin, tilas ya fara da halin da ƙasar ta shiga a ƙarni na 19.

Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soma a 1804, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu, sarkin Daura na lokacin, kuma ya fice da jama'arsa, har daga baya zuriyar tsohuwar sarautar ta kafa mazauni a Zango da Baure, a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Masanin nan M. G. Smith, a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura, ya nuna yadda ƙasa ɗaya ta rabu gida uku, kowane yana da sarkinsa da fadawansa. Sakamakon wannan rabuwa shi ne yankin ya zama iyaka tsakanin daular Sakkwato da ɓangaren Barno, iyaka kuwa a wancan zamani wurin hari ce, inda mahaya kan faɗa wa ƙauye da asuba su kwashe mata da yara. Bauta tana da tsarinta da matakanta: akwai rinji, wato ƙauyen bayi masu noma wa ubangijinsu, akwai cucanawa, waɗanda aka haifa cikin bauta a gidan mai su, akwai murgu, kuɗin da bawa yake biyan ubangijinsa don a bar shi ya yi sana'ar kansa, sannan akwai fansa, dukiyar da shi ko danginsa suke bayarwa don ya fita daga hannu baki ɗaya.

A cikin wannan yanayi aka haifi Dorugu, wajen shekarar 1840, a ƙauyen Dambanas da ke yankin Kance, arewa da iyakar ƙasar Daura ta yanzu, cikin Jamhuriyar Nijar. An kama shi yana yaro, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa, babban birnin Barno, inda ya shiga hidimar Bajamushe matafiyi Adolf Overweg, wanda ya fanshe shi ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852 kusa da tafkin Chadi, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya ɗauki Dorugu da wani yaro Bamargi mai suna Abbega, suka yi tafiyar Tumbuktu tare, suka ƙetare Sahara, suka sauka Ingila a 1855. A can ne Dorugu ya zauna da James Frederick Schön, malamin ƙungiyar mishan ta CMS, wanda ya fara sha'awar Hausa tun balaguron kogin Kwara na 1841 amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. An yi wa Dorugu baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, a 1857, aka raɗa masa suna James Henry, kuma daga bakinsa Schön ya samu mafi yawan Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885, wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar Dorugu kamar yadda shi kansa ya faɗa.

Abin lura a nan shi ne, sassan Sabon Alkawari na farko da aka buga da Hausa sun dogara ƙwarai ga harshen wani saurayi ɗan wannan yanki, wanda aka sayar da shi aka kuma fanshe shi kafin ya balaga. Ba a ba Dorugu matsayin da ya kamace shi a tarihin rubutun Hausa ba, domin sunan Schön ne a bangon littattafan, alhali kuwa ba don haƙurin yaron na maimaita jimla har Bature ya rubuta ta daidai ba, da aikin bai kai inda ya kai ba. Ya komo Afirka a 1864, ya yi tafinta ga Turawa daban-daban, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, ya rasu a 1912.

Koyarwar da waɗannan littattafai suka ɗauko tana da ginshiƙai biyu. Na farko shi ne, a wurin Kirista gaskiya ta wuce daidaiton magana da abin da ya faru, domin suna ɗaukar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa, a matsayin gaskiyar kanta, ta yadda saninta yake nufin saninsa da bin sa. Na biyu shi ne, ɗan Adam a ganinsu yana cikin bautar zunubi tun daga faɗuwar Adamu, kuma ba shi da abin da zai biya ya fanshi kansa, sai dai wani ya biya masa, wanda suka yi imani Almasihu ya yi ta mutuwarsa a kan gicciye da tashinsa. Sura ta 8 ta Linjilar Yohanna ita ce ta haɗa ginshiƙan biyu, inda aka nuna cewa mai aikata zunubi bawansa ne, aka kuma bambanta matsayin bawa a gida da na ɗa, bambancin da duk wanda ya tashi kusa da rinji ba ya bukatar a yi masa sharhinsa. Wannan kyauta da mutum bai yi aikin samunta ba ita suke kira alheri. Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, ya ja kunne cewa 'yancin bai ba kowa damar bin son zuciya ba, Martin Luther kuma, a ɗan littafinsa na 1520 kan 'yancin Kirista, ya tsaya a kan cewa mai bi 'yantacce ne a ruhu amma mai hidima ne ga maƙwabcinsa.

Malaman Musulunci na Daura, kamar sauran 'yan'uwansu, suna da matsayi bayyananne da ya saɓa wa wannan, domin Alƙur'ani ya kore cewa an gicciye Annabi Isa, ya kuma tabbatar cewa babu rai da zai ɗauki nauyin laifin wani, saboda haka ba a gadon zunubi, tuba kuwa tsakanin bawa da Ubangijinsa take ba tare da ɗan tsakani ba. Sai dai akwai wurin da ɓangarorin biyu suka yi kusa da juna fiye da yadda masu jayayya suke yarda, domin kamar yadda Bahaushe Musulmi yake ɗaukar kiran mutum bawan Allah a matsayin yabo, haka Bulus yakan gabatar da kansa a matsayin bawan Almasihu, kuma dukansu sun yarda cewa mutum ba ya kuɓuta daga bautar son rai da ta 'yan'uwansa mutane sai ya miƙa wuya ga Mahaliccinsa.

Da mulkin mallaka ya zo, sai al'amarin ya ɗauki wata hanya da 'yan mishan ba su zata ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller sun isa Kano, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su, bayan cin Sakkwato a 1903 kuma Lugard, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addini ba, alkawarin da ya zama dalilin hana mishan shiga masarautun Musulmi sai da yardar sarki da Razdan. A Daura, inda Turawa suka mai da zuriyar tsohuwar sarauta kan gado ta hannun Malam Musa na Zango, kuma ɗansa Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, wannan kariya ta yi aiki sosai. Don haka 'yancin jiki bai zo wa bayin ƙasar ta hannun coci ba. Dokar da Turawa suka kafa a 1901 ta hana cinikin bayi ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma manya sai su je gaban alƙali, a yanke kuɗin fansarsu a gaban ubangijinsu da shaidu, su riƙa biya kaɗan-kaɗan daga abin da suka samu a noma ko dako ko saƙa, ranar da suka cika kuma a rubuta musu takardar 'yanci. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Adalci ya sa a ce 'yan mishan sun yi ƙyamar cinikin bayi da gaske, sun kuma riƙe yaran da aka ƙwato, kamar a gidan 'yantattun bayi da mishan ɗin SUM ya buɗe a Rumasha a 1909, amma shari'ar Musulunci da gumin bayin kansu su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin fitar da mutane daga hannu a masarautun.

Ƙofar da ta buɗe daga baya ta magani ce. An kammala buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da haruffan boko, Miller yana cikin manyan masu aikin, kuma a ƙarshen shekarun 1930 aka damƙa wa mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, kula da asibitocin kutare na larduna, ciki har da Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga kusa da Katsina. Tun da Daura ta shiga lardin Katsina a 1934, Babbar Ruga ce asibitin lardin da masu wannan ciwo daga ƙasarta suke dogaro da shi. Kuturu a wancan lokaci mutum ne da ake gudun cin abinci tare da shi, wanda sau da yawa bara ce ta rage masa, a asibitin kuwa yakan yi shekaru ana yi masa allurar wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan itacen ƙasar Indiya, allura mai zafi wadda ba ta cika warkarwa ba, kafin ƙwayar dafson ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin ranakun allura yana noma, yana koyon karatun boko da allo da alli, yana jin wa'azi da Hausa. Mafi yawan majinyatan sun koma gida da Musuluncinsu, amma kaɗan da suka karɓi sabon addinin sun fita da karatu da sana'ar ba da magani, suka zama masu bishara na farko 'yan ƙasa. Masu suka sun yi gaskiya da suka ce wa'azi ga mutumin da ba shi da wani wurin neman magani yana da alamar tilas, abin da ya sa sarakuna suka riƙa sa ido musamman a kan yara.

Tashoshin SIM sun kewaye ƙasar Daura daga nesa, daga Zinder da aka buɗe a 1924, zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi, da Roni a ƙasar Kazaure, ikilisiyoyin da suka fito daga aikinsu a Nijeriya kuma suka haɗu a 1954 suka zama ECWA. Inda addinin ya samu karɓuwa mai yawa a tsakanin Hausawan jihar Katsina ta yau shi ne wajen Maguzawa, wato Hausawan karkara da suka riƙe addinin gargajiya, musamman a yankin Malumfashi da Kafur, waɗanda a wurinsu 'yancin ruhu ya fi nufin kuɓuta daga tsoron iskoki da nauyin yankan da ake yi musu kowace shekara. A garin Daura kuwa, Kiristocin da ke zaune mafi yawansu 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati da jami'an tsaro da suka zo daga wasu sassan ƙasar. An kafa jihar Katsina a 1987, cocin Angilika ya kafa dayosis ɗinsa na Katsina, wato yankin da bishop guda yake shugabanta, a 1990, a 2023 kuma Paparoma Francis ya yanko dayosis ɗin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan yankin Malumfashi, a matsayin bishop ɗinsa na farko, ƙasar Daura tana cikin yankin da yake kula da shi.