Layi Ɗaya a Tsinke, Ƙari a Mahaifa

Unguwarzoma a Shinaka ta san tsinken gwajin ciki kamar yunwar cikinta: layi biyu akwai ciki, layi ɗaya babu. Tsofaffin ma'aikatan ɗakin gwaji kuwa ba su yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, kuma da dalilinsu.

Sinadarin hCG ake farauta, wanda mabiyiya ke fitarwa. A 1928 Aschheim da Zondek na Jamus ɓeraye suke yi wa allurar fitsarin mace. Daga baya aka koma ga kwaɗon Afirka, wanda ke zuba ƙwai in akwai ciki. A 1956 Dakta Min Chiu Li a Amurka ya warkar da sankarar mabiyiya, wadda ita ma ke fitar da hCG, da maganin methotrexate. Ya ƙi daina ba da magani sai hCG ya ɓace, aka kore shi daga aiki, sannan ta tabbata shi ke da gaskiya. Tun daga nan likitoci suka riƙe lambar hCG gam.

Sai dai lambar na yaudara ta fuska biyu. Akwai cikin da ba ɗa, sai ƙululai masu ruwa cike da mahaifa, ga jini, ga amai. Nan hCG kan haura ɗaruruwan dubbai, ya cika wuraren kamawa na tsinken, layi na biyu ya ƙi fitowa. Sai a ce babu ciki. Gogaggen ma'aikaci yakan sirka fitsarin da ruwa ya sake gwadawa, ya tura matar sikanin, ko a Goronyo ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Ɗaya fuskar ta fi ciwo. Jennifer Rufer ta Amurka, tana da shekara 22, gwajin jini ya yi ta nuna hCG. Aka ɗura mata maganin sankara, aka cire mahaifarta da wani yanki na huhunta. Ba ta da sankara. Wasu garkuwoyin jininta ne ke rikita na'urar. A 2001 kotu ta yanke mata diyyar kusan dala miliyan 16. Waɗannan garkuwoyi ba sa ratsa ƙoda, don haka gwajin fitsari mai araha kan tona asirinsu.

A gabashin Sakkwato wahalar mai cikin ƙululai tana bayan wankin ciki: watanni ana bibiyar hCG har ya sauka ya zauna, ba a son sabon ciki a tsakani, kuɗin mota kuma daga aljihun maigida yake fitowa.