Daga gafakar malaman Kumasi zuwa rumbun bayanai

A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi, suka rusa fadar sarkin Tonawa, suka banka wa birnin wuta. Shekaru fiye da hamsin kafin nan, baƙin Turawa biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun tarar da malamai Musulmi daga Gwanja da Dagomba da ƙasar Hausa zaune a garin, suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Amma babban tarin rubutunsu da ya iso gare mu ba a Kumasi yake ba. Yana ɗakin littattafan sarauta na Kofanhegan a ƙasar Danmak, warƙa kimanin 900, kuma masana na ganin ya faɗa hannun mutanen Danmak ne bayan yaƙin Katamanso na 1826, inda Tonawa suka sha kashi. Takardun sun tsira ne domin ba sa gari ranar da gari ya ƙone. Tarihin rubutu a zangunan Gana, a ganina, ya tabbatar cewa yawan kwafi a hannuwa daban-daban shi ke tsare rubutu, sama da ƙarfin akwati da girman kwado, kuma wanda aka ɗora wa kula da rumbun bayanai na kwamfuta a yau bai fita daga wannan hukunci ba.

Malaman wancan zamani ba su bar lamarin ga sa'a irin ta Katamanso ba. Littafinsu warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, a cikin gafaka, saboda haka marubuci kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ya gama, don in iska ta watsa su a iya jera su. A ƙarshe yakan sa sunansa, wani lokaci da sunan mai littafin da ranar gamawa. Almajiri kan kwafi littafin da ya karanta kafin ya bar malaminsa, a yi muƙabala, ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi da ido. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, ya zauna Salaga har yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Tsohon garin Kete Krachi ma tafkin Volta ya haɗiye shi bayan gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Mazauninsa biyu sun baje, amma da Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo suka fara tattara rubuce-rubuce wa Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon a farkon shekarun 1960, sai suka riƙa samun ƙasidunsa a hannun almajiransa da almajiran almajiransa, gari bayan gari. Dabarar cibiyar ita ma ta malaman ce: a ari littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi.

Yanzu a dubi Akwatialine a Kumasi, unguwar 'yan katako da 'yan gwangwan, inda gobara ba baƙuwa ba ce. Rajistar ɗaliban Islamiyya, lissafin masu adashi, bashin dillalai, sunayen marasa lafiya a ƙaramin asibiti, da yawansu sun bar littafi sun koma kwamfuta ɗaya ko waya ɗaya. Wannan ci baya ne da ya zo da rigar ci gaba, domin kakanninmu ba sa yarda muhimmin rubutu ya zauna kwafi guda. Manya ma ba su tsira ba: gobarar Oktoban 2009 ta cinye ginin Ma'aikatar Harkokin Wajen Gana a Akra da ɗimbin takardunta, kuma a Maris 2021 wuta ta kama cibiyar kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ajiyarsu ta biyu ke wuri ɗaya da ta farko suka rasa duka. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Aikin bai wuce ɗan jerin umarni ba: pg_dump ko mysqldump ya juye rumbun, cron ya tashe shi kowane dare, rsync ya aika da shi waje, a sa kwanan wata a sunan kowane kwafi don na yau kada ya hau kan na jiya.

Wani zai ce kwatancin bai yi ba, tunda marubuci na gajiya ya tsallake layi, na'ura kuwa ba ta kuskure, don haka muƙabala ta zama tarihi. Na'ura na da nata aibin, kuma ya fi muni, domin takan daina aiki shiru, ko ta kwafi ɓarna da cikakkiyar amana. A ƙarshen Janairun 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da aka dogara da su, aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata, aka yi asarar bayanan kimanin awa shida. Muƙabalar zamani ita ce a ɗauki kwafi lokaci-lokaci a maido da shi a wata na'ura, a ƙirga a gani ya cika, kuma a tsara umarnin ya aiko da saƙo in ya gaza.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Yawan kwafi na tona asiri, kuma takardun Kofanhegan su ne shaida: yawancinsu hatimai ne da laƙanin kariya da malamai ke ɓoyewa, ga shi yau duk mai bincike na iya buɗe su. Gaskiya ne, kuma haɗarin ya ƙaru. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi tsohon faifan kwamfuta a Gana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman na Amurka a ciki. Tsoffin kwamfutocin ofisoshin Kumasi kuwa a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa. Sai dai rage kwafi ba ya maganin wannan. Mai kwamfuta na da abin da malamin 1820 bai samu ba: yana iya kulle kowane kwafi da mabuɗin sirri kafin ya bar ɗakin, ya ajiye mabuɗin daban, ta yadda wanda ya tsinci faifan ba zai karanta ko harafi ba. Dokar kare bayanai ta Gana ta 2012 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, kuma ba ta ware ƙaramar makaranta ko kantin magani ba. Saboda haka shugabannin makarantu da ƙungiyoyin Zango su tambayi yaron da ke kula musu da kwamfuta ina kwafi na biyu yake, yaushe aka gwada shi, kuma kada faifai ya tafi wurin 'yan gwangwan sai an goge shi sarai ko an farfasa shi.