Jigawa Ta Riƙe Aƙidar Talakawa, Ta Saki Jam'iyyarsu

A ƙasar Dutse da Birnin Kudu da Jahun, da wuya a taru a dandalin siyasa ba a ambaci Malam Aminu Kano ba. Duk da haka, tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, PRP ba ta taɓa cin kujerar gwamna ba. Ina ganin tarihi ya ajiye mana dalilai uku.

Na farko, tsarin mulki ne ya danne NEPU tun kafuwarta a Kano a 1950. A zaɓen 1951 ana bin matakai ne, kuma En'e na da damar cusa mutanenta, sai nasarar da aka samu a ƙasa ta narke kafin a kai sama. A gundumomi irin su Dutse kuwa, hakimi da alƙali da ɗan doka duk na En'e ne. Manomin da ya bi NEPU ya san gonarsa da 'yancinsa ya sa a caca.

Na biyu, rabuwar kai. A 1979 PRP ta ci tsohuwar Jihar Kano, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, daga baya ya ɗaga Dutse ta zama masarauta. Amma kafin a je ko'ina jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya tsaya takara a NPP, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci zaɓe, ya kuma rushe sababbin masarautun. Wata uku kacal ya yi sojoji suka kawar da shi.

Na uku shi ne mafi nauyi a wurina: magadan aƙidar sun ƙaura da ita. Sule Lamido, wanda ya je majalisar tarayya a PRP a 1979, a PDP ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015, ya sanya wa nakasassu alawus na wata-wata, ya gina dandalin Aminu Kano a Dutse. Mai zaɓe ya ji harshen talakawa a bakin jam'iyyar da ke da kuɗi da wakilai a rumfunan zaɓe, sai ya bi ta.

Ashe jama'a ba su juya wa aƙidar baya ba. Abin da PRP ta rasa shi ne tsari daga mazaɓa zuwa mazaɓa, da sabuwar buƙata mai taɓa aljihun manomi kamar yadda soke haraji ya taɓa shi. Muddin ba ta samo su ba, sunan Malam zai ci gaba da ci wa wasu zaɓe.