Tagwayen faifai a saba: kati ko manhaja? Tarihin wata tsohuwar muhawara

Idan memorin wayarka ya taɓa ƙonewa da hotunanka a ciki, ka san zafin abin. To ka auna yadda zai kasance ga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan makaranta, asibiti ko cibiyar jarabawar JAMB. Faifan ajiyarta ma yana mutuwa, sau da yawa ba sallama. Maganin da aka daɗe da samowa shi ne a sa faifai biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya a rubuta a ɗayan nan take. Wannan shi ne RAID 1. Tambayar ita ce wa zai yi wannan aikin: kati na musamman da ake sakawa cikin sabar, ko manhajar da ke tafiyar da ita?

Dabarar ta girmi sunan. A 1976 kamfanin Tandem na Kaliforniya a Amurka ya fara sayar da kwamfutocinsa na NonStop, waɗanda bankuna suka runguma saboda kusan komai nasu biyu-biyu ne, har faifan. A 1988 kuma masana uku na jami'ar Kaliforniya da ke Bakili, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da maƙalar da ta yaɗa sunan RAID. Hujjarsu ita ce tarin ƙananan faifai masu araha za su iya gogayya da ƙaton faifai ɗaya mai tsada, in dai an yi tanadin mutuwar ɗayansu. Sun jera matakai biyar, tagwayen faifai ne na farko.

A shekarun 1990 kati ne sarki. Firosesa ta lokacin ba ta da ƙarfi, duk aikin da aka sauke mata riba ce. Kamfanoni irin su Adaptec da Mylex suka yi suna, Dell ya zo da PERC, Compaq ya zo da Smart Array wanda HP ya gada. Katin yana da tasa 'yar firosesa, da memori, da batir. Batirin nan shi ne babban abin taƙamarsa: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, zai riƙe abin da bai kai ga faifai ba har wuta ta dawo.

Sai zamani ya juya. Firosesa ta yi ƙarfi, alhali tagwayen faifai ba wani lissafi suke buƙata ba, rubutu ne kawai sau biyu. Windows NT na saba ya iya yin haka da kansa. A 2001 Neil Brown ya fitar da mdadm, wanda har yau da shi ake haɗa faifai a Linux, kuma akwatunan ajiya na Synology shi suke amfani da shi a ƙarƙashin ƙasa. A 2005 kamfanin Sun ya saki ZFS, wanda ya warware wata matsala da kati na gama-gari bai iya ba. In tagwayen suka saɓa, wa ke da gaskiya? ZFS yana ajiye lambar tantancewa ga kowane gutsuren bayani, don haka yana gane gurɓataccen, ya gyara shi daga lafiyayyen. Microsoft ma ya kawo Storage Spaces a 2012.

Yanzu mu dawo gida. A ce kai ne ke kula da sabar wata makaranta ko shagon kwamfuta a Sanyinna, Tambuwal ko Kebbe. Kada ka fara da tambayar wanne ya fi sauri. Fara da wannan: ranar da abu ya lalace, ina zan samo madadinsa?

Kati yana rubuta tsarin faifan da salon kamfaninsa. In ya ƙone, galibi sai ka nemo irinsa ko ɗan gidansu kafin ka ga bayananka cikin sauƙi. Ba abu ne da za ka tarar a kowane shago a Sakkwato ba, wataƙila sai an aika Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, aikinka kuma yana tsaye. Na manhaja kuwa, ka cire faifan ka jona a wata kwamfutar mai Linux, ga kayanka. Sannan batirin kati ba ya shiri da zafi, kai kuma ka san yadda Afirilu take a ƙasar Sakkwato, ana haura digiri 40. Da batirin ya gaji, katin zai daina tara rubutu a memorinsa, sabar ta koma tafiyar hawainiya.

Wannan ba ya nufin kati ya zama tarihi. Idan sabarka ta zo da shi, kana da wani a ajiye, kuma aikinka mai yawan rubutu ne, ka riƙe shi. Sauya mataccen faifai ya fi sauƙi a wurinsa: fitila ta nuna maka wanne ne, ka zare ka sa sabo. In kuma manhaja ka zaɓa, to UPS ko inbata ya zama dole, kuma ka tabbatar sabar za ta iya tashi daga kowane ɗaya cikin faifan biyu. Kowanne ka ɗauka, ka saita shi ya riƙa sanar da kai in faifai ɗaya ya mutu, domin saba tana ci gaba da aiki shiru da guda ɗaya, sai na biyun ya bi sannan a farga.

Abu na ƙarshe, tagwayen faifai ba ajiyar ko-ta-kwana ba ne. Abin da ka goge bisa kuskure, a duka biyun ya gogu. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Sitirasbog ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara, domin faifan duka a gini ɗaya suke. Ka kwafe bayananka a faifan waje ko a intanet, ka ajiye nesa da sabar, kamar yadda kake tura hirarrakin WhatsApp ɗinka zuwa Google Drive. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu.