Yadda Ake Zaɓen Tsarin Kiran Waya Da Rage Kashe Kuɗi: Jagora Ga Mazauna Apo Da Kewaye

A ranar 20 ga Janairun 2025 Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashin kira da saƙo da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Kamfanonin sun nemi ƙarin da ya haura kashi 100, bisa hujjar tsadar man dizal da ake zuba wa injinan turakun sadarwa da kuma faɗuwar darajar Naira. Hukumar, ƙarƙashin jagorancin Dakta Aminu Maida, ta bayyana cewa farashin ya tsaya wuri guda tun shekarar 2013. Bayan ƙarin, saƙon tes da ake aikawa a kan Naira 4 ya koma Naira 6, kuɗin kira da na data ma suka ɗaga.

A yankin Apo da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, waya kayan aiki ce. Bakanike a Kauyen Makanikai na kiran mai mota da mai sayar da kayan gyara sau da yawa a yini. Mai Keke Napep da ɗan kasuwar Gudu da ma'aikacin da ke zaune a rukunin gidajen 'yan majalisa ko a Apo Dutse, kowa da irin kiran da yake yi, kuma da yawa na da iyali a Kano ko Katsina ko Sakkwato da ake gaisawa da su a kai a kai. Babu tsari guda da ya fi araha ga kowa. Tsarin da ya dace da mutum shi ne wanda ya yi daidai da yawan kiransa da tsawonsa, kuma ana gano shi ne da ɗan lissafi.

Yadda farashin kira ya samo asali

A watan Janairun 2001 NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kowane lasisi ya tashi a kan Dalar Amurka miliyan 285. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. A lokacin ana cajin kusan Naira 50 a minti guda, kuma ko sakan goma mutum ya yi yana magana, kuɗin cikakken minti ake cira. Globacom ne ya shigo a 2003 da lissafin sakan-sakan, sauran kamfanonin suka bi sahu. Econet ya sauya suna sau da dama kafin ya zama Airtel a 2010, shi kuwa Etisalat da ya fara aiki a 2008 ya koma 9mobile a 2017, sannan T2 a 2025.

Saboda wannan tarihi ne har yau ake rubuta farashin kira da kwabo a kowane sakan. Domin sanin kuɗin minti guda, sai a ninka kwabon sau 60, a raba da 100. Kwabo 23 a sakan, alal misali, Naira 13 da kwabo 80 ke nan a minti.

A fara da ƙarfin sabis

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Layin da farashinsa ke ƙasa amma kira na yankewa a kansa, ana sake bugawa ana maimaita magana, ya fi cin kuɗi a ƙarshe. Ƙarfin sabis kan bambanta tsakanin unguwa da unguwa, har ma tsakanin cikin ɗaki da tsakar gida. Layin da ke aiki sumul a Shatale-talen Apo ba lallai ne ya yi hakan a Apo Resettlement ko Waru ko kan hanyar Wasa ba.

Kafin a tsayar da shawara, yana da kyau a gwada layin a wurare uku: gida, wurin sana'a, da garin da aka fi kira. Maƙwabta da abokan aiki sun fi kowace talla sanin layin da ke kamawa a wurin. Mafi yawan wayoyin da ake sayarwa a Najeriya na ɗaukar layi biyu, don haka ana iya ware ɗaya domin kira, ɗayan domin data.

A san irin kiran da ake yi

Mataki na biyu shi ne duba jerin kiran da aka yi cikin mako guda, wanda kowace waya ke adanawa. A lura da abu huɗu: minti nawa ake yi a rana, kiran gajere ne ko dogo, mutane nawa aka fi kira, sannan ana kira kullum ne ko jefi-jefi. Amsar waɗannan tambayoyi ita ke nuna tsarin da za a nufa.

Tsare-tsaren da kamfanoni ke fitarwa, duk da bambancin sunayensu, ba su wuce iri huɗu ba. Akwai mai farashi guda, inda kuɗin sakan ba ya sauyawa. Akwai wanda ake cire wani kuɗi a kiran farko na yini, ko a caji mintin farko da tsada, sannan farashi ya sauka. Akwai mai garaɓasa, wanda ke ninka katin da aka sa. Akwai kuma ƙunshin mintuna na mako ko na wata, wani lokaci haɗe da data.

Lissafin da ke raba gardama

Alƙaluman da ke biye misali ne kawai domin nuna yadda ake lissafi. Farashin da ake ciki sai a nema daga kamfani.

A ɗauka tsari na farko na cajin kwabo 23 a sakan ba tare da wani ƙari ba. Na biyu na cajin kwabo 15, amma yana cire Naira 10 a kiran farko na kowace rana. Bambancinsu kwabo 8 ne a sakan, wato sai mutum ya yi sakan 125, kimanin minti biyu, kafin ya mayar da Naira 10 ɗinsa.

Bakaniken da ke yin minti 20 a rana zai biya Naira 276 a tsarin farko, a na biyu kuwa Naira 190. Rarar Naira 86 ke nan a rana, Naira 2,580 a kwana 30. Amma dattijuwar da ke kiran ɗanta na minti guda a rana za ta biya Naira 13 da kwabo 80 a tsarin farko, a na biyu Naira 19. Tsarin da ya rage wa bakanike kuɗi shi ne ya ƙara wa dattijuwa.

Garaɓasa ma na da nata lissafin. Idan aka sa katin Naira 100 aka samu Naira 500 ta kira, amma ana cajin kwabo 60 a sakan daga asusun garaɓasar, abin da za a samu kimanin minti 14 ne. Naira 100 a tsarin kwabo 23 na ba da kimanin minti 7. Ribar ta gaskiya ninki biyu ce, ba biyar ba. Ƙari a kan haka, garaɓasa na da wa'adin kwanaki, kuma sau da yawa ba a iya sayen data ko kiran ƙasar waje da ita. Tana amfanar wanda zai cinye ta kafin wa'adi, ba mai sa kati ya ajiye ba.

Domin rage irin wannan ruɗani, a shekarar 2024 NCC ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi, wadda ta taƙaita kowane kamfani ga tsare-tsare bakwai da ƙunshi 100, ta kuma wajabta fayyace farashi da wa'adi da sharuɗɗa. Mai layi na da haƙƙin tambayar kuɗin sakan, da kuɗin yini idan akwai, da ranar ƙarewar garaɓasa, kafin ya shiga tsari. A tambayi kuma ko sauya tsarin kyauta ne, domin wasu kamfanoni na caji idan aka sake sauyawa cikin wata guda.

Ga masu gareji da shaguna da ke yawan kiran yaransu, akwai tsarin rukuni da ake kira CUG, inda ake biyan ƙayyadadden kuɗi a wata kan kowane layi, 'yan rukunin su riƙa kiran juna ba tare da cajin sakan ba. Amfaninsa na bayyana ne idan mafi yawan kiran tsakanin 'yan rukunin ake yinsa.

Kira ta intanet da kiran ƙasashen waje

Kiran murya ta WhatsApp da makamantansa yawanci ba ya cin megabait guda a minti. Idan aka sayi gigabait ɗaya a kan Naira 800, alal misali, minti guda bai kai Naira ɗaya ba. Sharaɗin shi ne ɓangarorin biyu su kasance da babbar waya da data da sabis mai ƙarfi. Kiran bidiyo kuwa na cin data ninki da yawa, don haka a ajiye shi sai da buƙata.

Bambancin ya fi fitowa a kiran ƙasashen waje. Kiran Maraɗi ko Yamai a Jamhuriyar Nijar, ko Makka da Madina a lokacin aikin Hajji, kan fi kiran cikin gida tsada nesa ba kusa ba, kuma farashin ya danganta ga ƙasar da aka kira. Wanda ɗan'uwansa ba shi da intanet, ya nemi ƙunshin kiran ƙasashen waje, ya tabbatar ƙasar da yake nufi na cikin jerin. Matafiyi kuma ya kashe datar layinsa na Najeriya da zarar ya tsallaka iyaka. Idan aka ga filashin daga baƙuwar lambar ƙasar waje, kada a mayar da kira, domin 'yan damfara na amfani da wannan hanya wajen zuƙe kati.

Ƙofofin da kati ke zurarewa

Sau da yawa ba kira ne ke cinye kati ba. Waƙar da mai kira ke ji, labaran wasanni, gasa da sauran ayyukan da ake cire kuɗinsu kullum ko mako-mako na iya kasancewa a kan layi ba tare da mai shi ya tuna ba. Ana dubawa a soke su ta *305#. Saƙonnin talla kuwa ana dakatar da su ta aika STOP zuwa 2442, tsarin da NCC ta ƙaddamar a 2016.

Aron kati ma na da tsada. Kamfanoni sun saba cire kashi 15 cikin ɗari, wato mai aron Naira 1,000 zai ga Naira 850 a layinsa, amma Naira 1,000 zai biya. Wanda ya mayar da aro al'ada, yana ƙara wa kansa farashin kowane kira.

Haka kuma, daga watan Yunin 2025 kuɗin amfani da lambobin banki na USSD, Naira 6 da kwabo 98 a kowane zama na sakan 120, ya koma ana cire shi daga katin waya maimakon asusun banki. 'Yan kasuwar da ke duba shigar kuɗi sau da yawa a yini za su rage wannan ta amfani da manhajar banki. A lura kuma da ƙarewar data, domin a wasu tsare-tsare waya kan ci gaba da hawa intanet da kuɗin kira, a farashi mai tsada. A rufe sabunta manhajoji da sauke hotuna da bidiyo kai tsaye, sai an samu Wi-Fi.

Sauya kamfani ba tare da rasa lamba ba

Mai sana'a ba ya son rasa lambar da abokan ciniki suka sani. Tun daga watan Afrilun 2013 ana iya komawa wani kamfani da lambar da ake da ita. Mai layin zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da kansa, da shaidar lambarsa ta NIN, ya cike takarda, ya aika PORT zuwa 3232, a ba shi sabon sim. Kati da data da suka rage a tsohon layi ba sa bin sa, don haka a cinye su tukuna, a kuma biya bashi idan akwai. Dole bayanan rajistar layin su dace da na NIN, kuma bayan sauyawa akwai wa'adin da za a jira kafin a sake wata.

Lambobin da ya kamata a riƙe

Tun daga shekarar 2023 NCC ta daidaita gajerun lambobi, suka zama iri ɗaya a dukkan layuka:

- 300: kiran ofishin kula da abokan hulɗa
- *310#: duba ragowar kati
- *311#: sa kati
- *312#: sayen data
- *323#: duba ragowar data
- *303#: aron kati ko data
- *305#: soke ayyukan da ke cin kati
- *996#: duba haɗin layi da NIN

Wanda aka cire wa kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ya fara kai kuka ga kamfaninsa ta 300, ya karɓi lambar ƙorafin ya adana, tare da saƙon da ke nuna cirar da ranar da aka yi ta. Idan ba a warware ba, ya kira 622, layin NCC na kyauta, ya ba da wannan lamba. Hedikwatar hukumar na kan titin Aguiyi Ironsi a Maitama, Abuja.

Kamfanoni na sauya farashi da sharuɗɗa lokaci zuwa lokaci, sana'ar mutum ma na sauyawa. Saboda haka yana da kyau duk bayan 'yan watanni a duba ragowar kati kafin kira da bayansa, a raba abin da aka cire da yawan sakan da aka yi. Adadin da ya fito shi ne ainihin farashin da ake biya, kuma da shi za a auna ko a zauna a tsarin ko a sauya.